Yadda ake sauya bambar tsohuwar mota ba tare da kashe kuɗi da yawa ba

Mota mai shekara arba'in ko hamsin, ko da fentinta yana nan lafiya, in bambarta ta lanƙwashe ko tsatsa ta cinye ta, ita ido zai fara gani. Shi ya sa sauya bamba yake cikin ayyukan farko da mai tsohuwar mota ke ɗokin yi. Aiki ne da mutum zai iya da hannunsa in yana da sifana da haƙuri. Sai dai kuɗin yakan zurare ne ta inda ba a zata ba: baraket (ƙarfen da ke riƙe bamba a jikin shasi) da aka manta ba a saya ba, bol ɗin da ya karye a cikin shasi, robar gefe da ba a samu sai an yi oda, ko bambar da aka sayo ta ƙi zama aka koma yankan jikin mota. Wanda ya toshe waɗannan kafofi tun da wuri, shi ne zai gama aikin da ɗan abin da ke aljihunsa.

Wane irin sauyi za ka yi?

Kafin ka nemi komai, ka tsayar da magana ɗaya: irin bambar da ke jiki za ka mayar, ko wata daban kake so? In irinta ce, aikin kwancewa da ɗaurawa ne kawai. In wata daban ce, to akwai bincike a gabanka.

Yawancin masu son canza iri suna gudun manyan bambobin shekarun 1970 ne. Asalinsu wata doka ce ta Amurka: motocin 1973 dole bambar gaba ta jure bugu a gudun mil 5 a awa, kusan kilomita 8, ba tare da fitilu da sauran kayan tsaro sun lalace ba, ta baya kuma mil 2.5. Daga motocin 1974 aka mayar da gaba da baya duka mil 5. Kamfanoni suka bi doka, aka sa wa motoci bambobi masu nauyi da suka turo waje. Mercedes W123 da BMW 2002 da aka kai Amurka sun fito da dogayen bambobi, alhali 'yan'uwansu na Turai suna da sirara masu manne da jiki. An sassauta dokar a 1982, amma motocin wancan tsakani suna nan da kayansu.

A wasu motoci komawa siririyar bamba abu ne na baraket kawai. A wasu kuwa aikin mai gyaran bodi ne. Dubi MGB, wata motar Ingila: daga ƙarshen 1974 har aka daina ƙera ta a 1980 da baƙar bambar roba take fitowa, an kuma ɗaga motar sama da kusan inci ɗaya da rabi. Siginar gaba tana cikin bambar robar ne, saboda haka in ka cire ta dole ka huda madigadi ka sa wasu fitilun, ka nemi ragar gaba, ka cike gurbin da zai bayyana ƙarƙashin fitilun baya, sannan ka yi fenti. Wannan ya wuce aikin araha, kuma gara ka sani tun kafin ka kwance noti ɗaya. Volkswagen Beetle ta fi sauƙi: har zuwa 1967 siririyar bamba take da ita, daga 1968 aka koma mai faɗi, kuma ana ƙera baraket na musamman da ke ba ka damar ɗaura tsohuwar a kan sabon jiki ba tare da yanka ba.

Ra'ayina shi ne, duk sauyin da zai sa ka yanka ko ka huda jikin mota, ka jinkirta shi. Abin da aka ɗaura da noti ana iya kwance shi gobe. Ƙarfen da aka yanke kuwa sai walda da fenti, kuma mai saye da ya san mota zai rage mata kuɗi saboda shi.

Sayen bamba

A nan ne ake cin riba ko a yi asara, don haka kada ka yi gaggawa.

Fara da awo a jikin motarka. Ka auna tsakanin baraket biyu daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami, ka auna faɗin bambar daga kunne zuwa kunne, ka auna yadda kunnen ya zagayo gefen madigadi. Ka ɗauki hoto ta gaba, ta ƙasa da ta ciki. Ka rubuta shekarar motar da lambar shasi, domin mota iri ɗaya takan canza bamba a tsakiyar zamaninta, kuma bambar baya ta salun ba lalle ta hau wagon ba. Mai sayarwa zai ce maka "duk ɗaya ne". Tef ɗin awo ne zai raba gardama.

Hanyoyin samu uku ne. Akwai tsohuwar bamba ta asali daga wurin masu yanka motoci ko daga masu irin motarka, akwai sabuwa ta kwaikwayo mai kurom (farin ƙarfe mai ƙyalli da ake lulluɓe bamba da shi), akwai kuma sabuwa ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Ga mai neman sauƙi, ta asali da ta ɗan sha jiki ita ce gaba. Ƙarfenta ya fi kauri, ramukanta suna inda ya kamata, kuma lanƙwasarta ta dace da jikin motar. Sabuwar kwaikwayo mai araha tana ɗaukar ido a hoto, amma sau da yawa kurom ɗinta siriri ne, damina ɗaya ko biyu sai ɗigon tsatsa ya fara fitowa, ramukan ma wani lokaci sai an faɗaɗa su. Ta ƙarfen da ba ya tsatsa tana daɗewa, sai dai ba ta cikin lissafin mai ƙaramin kuɗi.

In ka samu tsohuwa, juya ta ka fara duba cikinta. Tsatsa daga ciki take farawa, inda laka ke kwanciya, musamman wajen da baraket ke manne da kuma ƙarƙashin robar tsakiya. Ka ƙwanƙwasa da bakin sukuddireba. In ƙarfen ya yi ƙara mai kyau, yana da rai. In ya yi taushi ko ɓawo ya zubo har ka ga haske ta waje, bar ta komai arharta. Sannan ka ɗora ta a ƙasa mai daidai ka tsuguna ka hango ta daga kunne ɗaya zuwa ɗayan. Ɗan lotsawa ana iya zama da shi, amma bambar da ta murɗe ba za ta taɓa zama daidai a mota ba, kuma miƙe ta yakan fasa kurom.

Kurom ɗin kansa kala biyu ne na lalacewa. Akwai jan ƙura da ke kwance a sama, wadda za ta fita da gogewa. Akwai kuma ƙuraje da ɓawo, inda tsatsa ta shiga ƙarƙashi ta ɗaga shi. Goga farcenka a wurin. In ya wuce sumul, za ta wanku. In farce ya maƙale a rami, wannan ramin ya zauna kenan. Dalili shi ne kurom mai kyau hawa uku ne: jan ƙarfe a ƙasa, nikel a tsakiya, sai kurom a sama wanda kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Da zarar ruwa ya huda waɗannan ya kai ga baƙin ƙarfe, babu man gogewar da zai mayar da shi. Sake yin kurom yana da tsada domin yawancin aikin na hannu ne, sai an cire tsohon, an goge kowane rami, an yi ta sulɓewa kafin a tsoma ta a ruwan kurom. Sau da yawa kuɗin ya fi na sayen wata bambar mai lafiya.

Ka tafi da maganaɗisu a aljihu. In bai kama ba, bambar alminiyam ce, kamar ta Volvo 240, ko kuma wani nau'in ƙarfen da ba ya tsatsa. In ya kama, yawanci baƙin ƙarfe ne mai kurom, ko da yake akwai ƙarfen da ba ya tsatsa da maganaɗisu ke kamawa, sai ka duba ciki: in babu tsatsa ko kaɗan bayan shekaru, shi ne. Peugeot 404 da 504 suna cikin motocin da suka zo da irin wannan, kuma mai su ya yi sa'a, domin ana iya buge lotsawar, a goge, a dawo da ƙyallin ba tare da an je wurin kowa ba.

Abu mafi muhimmanci a cinikin: ka saye ta da kayanta. Baraket, ƙarafan gefe, robobi, ƙahonnin bamba in tana da su, fitilar lamba, bol masu zagayayyen kai, har da ƙananan ƙarafan da ake cusawa don daidaita tazara. Bamba tsirara tana da araha, amma in ka zo neman waɗannan ɗaya bayan ɗaya za su ninka maka kuɗin. In a jikin mota take, ka roƙi a bar ka ka kwance da kanka, ko ka tsaya a kai. Masu yanka suna sauri ne, wuta suke sa wa baraket su datse, kai kuwa baraket ɗin kake nema. In kana iya samun bamba biyu masu lahani daban a farashi mai sauƙi, duba ko irin mai gida uku ce, tsakiya da kunnuwa biyu. Sai ka haɗa guda mai kyau daga cikinsu.

Kwance tsohuwar

Aikin yana farawa kwana biyu ko uku kafin ranar. Ka shiga ƙarƙashi da burushin ƙarfe ka kankare laka da tsatsa daga zaren kowane bol da ya leƙo bayan noti, ka fesa man kwance tsatsa, ka maimaita safe da yamma. Wannan ɗan abin shi ne ya fi komai rage kashe kuɗi a aikin gaba ɗaya, domin bol ɗaya da ya karye a cikin shasi zai iya cinye maka yini da kuɗin mai walda.

Ranar aiki ka ajiye motar a wuri mai daidai, ka ja birkin hannu, ka sa wa taya waigi. Yawanci ba sai an ɗaga mota ba. In dole ne, to a kan ƙafafun ƙarfe za ta zauna, kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Cire wayar batir ta nagatif. In akwai sigina, fitilar hazo ko fitilar lamba a jikin bambar, ka zare wayoyinsu, ka naɗa wa kowace tef ka rubuta inda take. Sa tef na takarda hawa biyu ko uku a kusurwar madigadi da duk inda kunnen bamba zai iya gogar fenti, ka shimfiɗa bargo ko kwali a ƙasa. Kafin ka taɓa noti, auna tsayin bambar daga ƙasa a kunnuwa biyu da tazararta da jiki, ka rubuta.

Ka san irin sifanar da motarka ke ci. Motocin Jamus, Faransa da Italiya na milimita ne, bol M8 (mai kaurin milimita 8) yakan ci sifana 13, M10 na da yakan ci 17. Tsofaffin motocin Amurka da yawancin na Ingila na inci ne, rabin inci da 9/16 su ne za ka fi ɗauka. Sifana 13 tana shiga notin rabin inci amma da ɗan sako-sako, kuma a kan noti mai tsatsa wannan ɗan sakon ya isa ya cinye kusurwoyinsa. Yi amfani da soket mai kusurwa shida, ka buga shi ya zauna sosai.

Fara da bol na gefe, waɗanda ke riƙe kunnen bamba da madigadi. Su ake mantawa, sai an kwance na tsakiya bambar ta rataya a kansu ta ja madigadi ta lotsa shi. Bayan su sai manyan da ke haɗa baraket da shasi. Ya fi sauƙi a sauke bamba da baraket ɗinta tare, a raba su a ƙasa inda hannu ke kaiwa.

Ga yadda ake lallaɓa noti mai taurin kai. Ka fara ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan, har ka ji ya yi 'yar ƙara, wannan yana fasa tsatsar da ta haɗe zaren. Sannan ka kwance kwata, ka mayar, ka fesa mai, ka sake kwance rabi, ka mayar. In ka ji yana ƙara tauri maimakon sauƙi, tsaya, tsatsa ce ta taru a zaren, mayar da shi baya ka goge. In kuwa ka ji ya yi laushi farat ɗaya alhali notin bai matsa ba, bol ɗin ne ke murɗewa zai tsinke, saki nan take. Zafi yana taimakawa ƙwarai, amma ban da bayan mota inda tankin mai da bututunsa suke, ban da kusa da roba ko waya. A can gara ka datse notin da zarto ko ka tsaga shi da kurfi. Bol sabo ba shi da tsada.

Bol ɗin fuskar bamba, masu zagayayyen kai mai ƙyalli, suna da wuya mai kusurwa huɗu da ke zama cikin rami mai kusurwa huɗu. In ramin ya cinye sai bol ya riƙa juyawa da notin. Kada ka kama kan da filaya in kana son bambar, za ka karce ta. Ka danna kan da katako da ƙarfi yayin da wani ke kwance notin, in ya ƙi, ka yanke notin ta ciki.

In bol ya karye a cikin shasi kuma guntunsa ya leƙo, hanya mafi kyau ita ce a ɗora noti a kai a yi masa walda ta tsakiya. Zafin waldar yana sassauta tsatsa, ga kuma kan da sifana za ta kama. In ya karye daidai da fuska, ka buga gurbi a tsakiyarsa, ka huda da siririn bakin huda, ka riƙa ƙara girma sannu a hankali har ragowar ta fita, ka gyara zaren. Ƙarfen ciro karyayyen bol da ake sayarwa yana da tauri ƙwarai, in ya tsinke a ciki bakin huda na yau da kullum ba ya cin sa, saboda haka kada ka matsa masa.

Gargaɗi ɗaya ga masu manyan bambobin nan na bayan 1973. Da yawansu suna zaune ne a kan wasu bututu kamar shokazoba, masu mai ko iska a matse a ciki. Kada ka sa musu wuta, kada ka yanka su, kada ka tsaya a saitinsu kana dukan su. Wasu suna huda su don su tura bambar ciki ta matso jiki. Ban ba da wannan shawara ba: abin da ke ciki yana iya fesowa a ido, kuma bayan haka bambar ba ta da sauran aikin da aka yi ta dominsa. Kwance su gaba ɗaya daga shasi ka ajiye.

Ka bar bol ɗaya a kowane gefe a sako, ka kira wani ya riƙe kunne ɗaya, ku zare su tare ku jawo bambar a miƙe. Irin waɗannan bambobi sun fi yadda ake zato nauyi. Duk wani siririn ƙarfe ko washa da ya faɗo daga tsakanin baraket da shasi, ka lura da gefen da ya fito, domin da shi aka daidaita bambar tun farko.

Abin da bamba ta ɓoye

Yanzu ga wurin da shekaru ba a gani ba. Wanke shi, ka ƙwanƙwasa bakin shasi da kewayen ramukan bol. In ƙarfen lafiya yake, ka kankare tsatsar sama, ka shafa maganin tsatsa mai sinadarin fosforik, ka bar shi ya bushe, ka sa firaima da baƙin fenti. In ya ruɓe, a nan ne ya kamata kuɗinka ya tafi kafin ƙyalli. Bamba mai kyau a kan ruɓaɓɓen shasi za ta faɗi a hanya ne wata rana, kuma na bayanka za ta samu. Ka kai wa mai walda ya yanke ya sa sabon ƙarfe mai kaurin na asali.

Ka kuma duba ko bakin shasin biyu suna daidai da juna. Mota mai wannan shekaru da wuya a ce ba ta taɓa cin karo ba. In ɗaya ya ɗan shige ciki ko ya sunkuya, ka sani tun yanzu don ka cike da washa, maimakon ka zargi bambar da ka sayo.

Baraket da ya lanƙwashe ana miƙe shi a matsi da guduma, a gwada shi da ɗan'uwansa na ɗaya gefen. In babu shi sam, ƙera shi ba wuya. Ka tallafe bambar a kan katako a daidai inda kake son ta zauna, ka yanka kwali ka lanƙwasa shi daga ramin shasi zuwa ramin bamba, ka yi alamar ramukan, ka kai wa maƙeri ya fitar a ƙarfe. Ka sa ramukan gefe ɗaya su zama dogaye don a samu wurin motsawa. Kauri kuwa ka bi na asali, yawanci milimita 5 ko 6. Akwai masu ganin in sun ninka kaurin sun ƙara tsaro. A ƙaramin karo baraket ne ya kamata ya lanƙwashe ya sha bugun. In ya fi shasi ƙarfi, shasin ne zai lanƙwashe, gyaransa kuma ya ninka na baraket sau da yawa.

Gyara bambar kafin ta hau

Wanke ta da sabulu. Ga jan tsatsar sama, ka dunƙule takardar alminiyam ta naɗe abinci, ka tsoma a ruwa, ka goga a hankali. Alminiyam ya fi kurom laushi, don haka yana ɗauke tsatsar ba tare da ya karce ba. Za ka ga baƙin ruwa yana fita, ka share da tsumma, ƙyallin zai bayyana a ƙasa. Kada samfefa ta taɓa kurom ɗin da kake son ajiyewa. Bayan nan sai man goge ƙarfe, sannan kakin mota don ya toshe ƙananan ramukan da ruwa zai shiga.

Cikin bambar ya fi wajenta buƙatar kulawa. Burushin ƙarfe, maganin tsatsa, fenti mai kauri hawa biyu. Sabuwar bamba ma ka yi mata haka, domin kurom ba ya kama ciki sosai, kuma daga nan take fara mutuwa.

In ta ƙarfen da ba ya tsatsa ce, ɗora wurin da ya lotsa a kan katako ka bubbuga ta ciki da ƙaramar guduma, kaɗan kaɗan, daga gefen lotsawar zuwa tsakiya. Sai ka bi da samfefar ruwa daga lamba 400, zuwa 800, zuwa 1500 ko 2000, kowace ta share zanen wadda ta gabace ta, ka ƙare da man gogewa.

In kurom ya riga ya yi ƙuraje ko'ina, fenti shi ne mafita, kuma ba abin kunya ba ne. Baƙi mara ƙyalli sosai, ko ruwan azurfa, ko launin motar, duk suna kyau in an yi da tsabta. Sai dai fenti ba ya kama kurom mai sulɓi: dole a kankare duk ɓawon da ya ɗaga, a karce sauran da samfefa mai kaushi har ƙyallin ya mutu, a cike ramuka, a sa firaimar ifoksi, sannan launi. Sa abin rufe hanci yayin gogewa. In za a yi walda a jikin bamba, a goge kurom ɗin wurin tukuna, domin hayaƙinsa guba ne. Fentin gwangwani da aka rubuta "kurom" a jikinsa kuwa kada ka ɓata kuɗinka, ruwan toka mai ɗan haske yake bayarwa, kuma yana dushewa da an taɓa shi.

Ɗaurawa

Sayi sababbin bol masu lamba 8.8 a kai (alamar ƙarfinsu ce) don haɗa baraket da shasi, da washa da noti mai kulle kansa. Shafa wa kowane zare ɗan giris mai jan ƙarfe. In bol na ƙarfen da ba ya tsatsa za ka sa a fuska, giris ɗin wajibi ne, domin irinsu suna cije juna su ƙi gaba su ƙi baya. In bambar alminiyam ce, sa roba ko fenti tsakaninta da baraket na baƙin ƙarfe, in ba haka ba wurin haɗin zai riƙa yin farin gari yana cinyewa.

Ƙa'idar ɗaurawa ita ce kada ka ƙulle ko ɗaya sai duka sun shiga. Haɗa baraket da bamba a ƙasa da hannu kawai. Manna tef a tsakiyar bambar da tsakiyar motar ka ja layi a kowanne. Ku ɗaga ku biyu, ku sa bol ɗaya a kowane gefe, sannan sauran, har da na kunnuwa da robobinsu. Yanzu bambar tana motsi, sai daidaitawa. Haɗa layukan tsakiya. Tallafe ta da jak da katako a ƙasa har ta kai tsayin da ka rubuta. Auna tazarar kunnuwa da madigadi, su zama ɗaya, kuma ko'ina a samu wurin da yatsa zai shiga tsakanin bamba da fenti, domin jiki da bamba suna motsi daban a kan hanya.

Sai ka ja baya taku goma ka tsuguna ka duba. Tsohuwar mota takan ɗan karkata gefe ɗaya saboda sifirin ya gaji. In ka daidaita bamba da ƙasa alhali motar ta karkata, ido zai ga bambar ce a karkace. Bi layin fitilu da ragar gaba, ko layin but a baya. In awo da ido suka saɓa da 'yan milimita, bi ido.

Ɗaure daga shasi zuwa waje, daga tsakiya zuwa kunnuwa, kana zagayawa kaɗan kaɗan, kana sake dubawa, domin bamba takan ɗaga ko ta sunkuya yayin da noti ke kamawa. In kana da sifana mai auna ƙarfin ɗauri kuma littafin motar bai faɗi wani abu daban ba, bol 8.8 na M8 yana ɗaukar kusan Nm 25, M10 kusan Nm 50, ka ɗan rage in ka sa giris. Bol na fuska kuwa da sauƙi ake ɗaure su, da siririyar washar roba ƙarƙashin kai. In ka matsa, fuskar bambar za ta lotsa kewaye da shi, kurom ya tsage. Kada ka taɓa jawo kunnen bamba da ƙarfin noti don ya kai ramin. In bai kai ba, sassauta tsakiya ka sake zama, ko ka ƙara washa.

Mayar da wayoyi da batir, ka gwada kowace fitila. A nan akwai abin da ke rikita mutane: a tsofaffin motoci fitilar da ke jikin bamba takan samu nagatif ɗinta ta jikin bambar ne, ta baraket, zuwa shasi. Kai kuwa ka yi wa duka fenti. Sai ka ga sigina tana ƙiftawa da sauri, ko fitilar lamba ta yi ja-ja, ko ta ƙi kamawa sam. Kada ka kankare fentin. Ja wata waya daga jikin fitilar zuwa wani bol mai tsabta a jikin mota, matsalar ta ƙare.

Buɗe bonet da but ka ga ba sa taɓa komai. Juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama ka duba tsakanin taya da kunnen bamba. Duba bakin salansa kada ya riƙa hura wa kurom ko roba hayaƙi. Lambar mota ta fito sarai, fitilarta na haska ta. In ka sauke bamba mai nauyi ka sa mara nauyi, motar za ta ɗan ɗaga, don haka ka sake saita fitilun gaba. Dokar canza bamba ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ka bincika ta inda kake, ka kuma sanar da kamfanin inshorarka in irin bambar ya canza. Siririyar bamba ba ta kare jiki kamar babbar da ka cire, kuma ba wurin ɗaura igiyar ja ba ce.

Bayan tafiyar kamar kilomita 100, sake bin kowane noti da sifana, domin sabon fenti da roba suna kwantawa su bar sako. Tsohuwar bambar kuma kada ka zubar. In irin bambar ka canza, ajiye ta da baraket ɗinta da bututunta a wuri busasshe, mai saye na gaba zai iya nemanta. In irinta ka mayar, raba ta: ƙahonni, robobi, fitila da baraket masu lafiya kowanne yana da mai nema, kuma abin da za ka samu a kansu zai rage maka wani ɓangare na kuɗin da ka kashe.